Kukan Mita: Yadda Ake Gano Inda Wutar Mota Ta Yanke

Wutar mota zagaye take yi. Takan fita daga batir mai bolt 12, ta ratsa fiyus da makunni, ta kai ga fitila ko oda, sannan ta biyo ƙarfen jikin motar ta koma gida. Ko ina wannan hanya ta katse, aiki ya tsaya.

A gari irin Aujara, cikin ƙaramar hukumar Jahun, abubuwan da ke katse ta sanannu ne. Gargadar hanya na sassauta soket, ƙurar hunturu da laimar damina na haifar da tsatsa, motar da ke dakon gero da riɗi kuwa ba ta rasa ɓeran da zai gaigayi waya. Kafin direba ya nufi Dutse sayen sabon kaya, mai gyaran wuta na iya gano matsalar da ƙaramar mita.

Da farko a kashe mota, a cire kan batir mai alamar ragi, domin mita da 'yar wutarta take gwaji. A murɗa ta zuwa alamar sauti, a haɗa tsinkayenta biyu. In ta yi ƙara, lafiyarta ƙalau. Sai a zaro fiyus a dafa ƙafafunsa biyu. Shiru na nufin ya ƙone, kuma a mayar da irinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20. Masu naɗa zaren waya a gurbinsa gobara suke gayyata. A rile kuma, wato makunnin da wuta ke kunnawa, sai a murɗa mita zuwa alamar om, a auna tsakanin ƙafa ta 85 da ta 86, inda mai lafiya kan nuna om 50 zuwa 120.

Sai dai kukan mita ba shaidar lafiya ba ne, kuma nan ne yaran gareji da dama ke ruɗuwa. Wayar da ta cinye, saura sili ɗaya, za ta sa mita kuka, amma ba za ta iya ɗaukar wutar sitata ba, kamar gadar kara ce da akuya za ta haye amma ban da amalanke. Shi ya sa gwani ke kallon lambar da ke fuskar mita, yana girgiza wayar a hankali. Gajeriyar waya mai kyau ba ta kai om 1. In lambar na tsalle, akwai karaya a cikin robar.

Wuri ɗaya ne ba a kai tsinke: wayoyin jakar iska, masu soket ruwan ɗorawa. 'Yar wutar mita na iya tayar da jakar a fuskar mai gyara.