Yadda Karnuka Ke Gano Cutar Daji Ta Hanyar Shinshina

A shekarar 1989 ne wasu likitocin fata biyu a birnin Landan, Hywel Williams da Pembroke, suka wallafa wata gajeriyar wasiƙa a mujallar likitanci ta The Lancet. Sun ba da labarin wata mata da karenta ya nace wa shinshinar wani tabo a ƙafarta, har ya yi yunƙurin cizge shi. Da aka bincika tabon a asibiti, sai aka tarar cutar dajin fata ce.

Bayanin da masana suka bayar shi ne, ƙwayoyin cutar daji na fitar da wasu sinadarai masu bin iska, waɗanda kan fito ta numfashi da fitsari da gumi. Hancin ɗan Adam na da ƙwayoyin jin ƙanshi kimanin miliyan 6, na kare kuwa kan kai miliyan 300.

Gwajin da ya ja hankalin likitoci shi ne wanda aka yi a asibitin Amersham da ke Ingila, aka wallafa a 2004. An horar da karnuka shida, sannan aka riƙa jera musu fitsarin mutum bakwai, ɗaya kacal na mai dajin mafitsara. Sun dace sau 22 cikin 54, wato kashi 41 cikin ɗari, alhali da cankar kawai suke yi da ba su wuce kashi 14 ba. Wannan sakamako bai isa likita ya dogara da shi ba, amma ya nuna cewa cutar na da warin kanta. Abin mamaki, karnukan sun yi ta nuna fitsarin wani da ake ɗauka ba ya ɗauke da cutar. Da aka sake duba shi, sai aka gano daji a ƙodarsa.

Tun daga 2008 ƙungiyar Medical Detection Dogs ke ci gaba da wannan aiki a Birtaniya.

Sai dai kare yakan gaji, yakan ƙosa, yakan kuma karanci fuskar mai horar da shi. Horonsa na cin watanni, kuma ba zai faɗi inda cutar ta kai ba. Shi ya sa masu bincike suka dukufa wajen tantance ainihin sinadaran da karen ke ji, domin ƙera na'urar da za ta yi aikin hancinsa. Kafin nan, asibitoci na tabbatar da cutar ne ta hanyar yankar ɗan nama daga wurin da ake zargi a duba shi a ɗakin gwaji.