Ba Kowace Jarka Ce ta Ruwan Sha Ba

A Ɗorayi gidaje da yawa a jarka ruwansu yake zuwa, cikin kurar 'yan ga-ruwa. Manomi ma da jarka yake tafiya gona. Mutane sukan tambayi inda aka ɗebo ruwa, amma ba safai suke tambayar abin da aka zuba shi a ciki ba. Alhali kuwa mazubi yana iya ɓata ruwa mai kyau.

Ga dalili. Daga man fetur ake yin roba, sa'an nan a haɗa ta da magungunan da za su ba ta laushi, ko launi, ko jimirin rana. In ruwa ya kwana a ciki, wani abu daga magungunan nan yakan narke ya shiga ruwan. Zafi kuwa yana ƙara wannan, ga shi a Kano zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40.

Saboda haka ne ake jarraba bututu da tanki da jarka. Masana sukan wanke abin, su cika shi da tsabtataccen ruwa, su rufe, su ajiye shi kwana ɗaya zuwa uku a zafin da aka ƙayyade. Sukan ajiye wani ruwan a kwalba don kwatantawa. Daga nan sai na'ura ta rarrabe abin da ya shiga ruwan, ta auna yawansa. Awon yana da tsanani ƙwarai. Misali, akwai wani magani da ake yin bututun PVC da shi, wanda ke jawo sankarar hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 3 cikin kashi biliyan 10 na ruwa. Amurka ta kafa ƙa'idar irin wannan jarrabawa a 1988. A Nijeriya hukumar SON ta fitar da ƙa'idar ruwan sha a 2007, aka sabunta ta a 2015.

To, amma sabon kaya ake jarrabawa. Haɗarin da ya fi kusa da talaka yana cikin tsohon mazubi. Majemu da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a durom da jarka magungunansu suke zuwa, in sun ƙare sai mazubin ya fito kasuwa da araha. Haka nan galan ɗin maganin ƙwari da na ciyawa. Roba takan sha magani kamar yadda ƙwarya take shan manja. Ko an wanke da sabulu wari ya tafi, saura yana nan cikin jikinta, yana tsattsafowa a hankali. Tafasa ruwan ma ba ya raba shi da irin wannan guba.

Abin da ya kamata a kiyaye shi ne:

1. Kada a sayi jarka ko durom don ruwan sha sai an san abin da ya taɓa zama a ciki.
2. In galan ɗin maganin feshi ya ƙare, a ɗauraye shi sau 3, a juye ɗaurayar cikin injin feshi, sa'an nan a huda shi don kada wani ya ɗauka.
3. A ajiye jarka da tanki a inuwa. In ruwa zai kwana, randa ta fi.
4. In an sa sabon bututu, a bar ruwan farko ya zuba.

Ɗan kasuwa kuma ya gaya wa mai saye gaskiya. Araha ba ta ado, rigakafi kuwa ya fi magani.