Maganin ruwa na yara: awo daidai, lokaci daidai, har kwanaki su cika

Idan hunturu ya shigo ƙasar Dakoro, ƙura takan tashi, sanyi ya sauko, tari da mura su yawaita ga yara. A Tagriss da ƙauyukan kewaye, uwaye da yawa sukan dawo daga gidan likita da ƴar kwalba a hannu. Sau da yawa maganin da ke ciki shi ne amoksisilin, wanda ake kira siro. Magani ne mai ƙarfi, yana ceton rai. Amma amfaninsa yana hannun mai ba da shi a gida. Ga abin da ya kamata kowane uba da kowace uwa su sani.

Wane irin magani ne?

Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu shiga jiki su sa ciwo. Iri biyu ne suka fi damun yara: bakteriya da birus. Magungunan da ake kira antibiyotik suna kashe bakteriya kaɗai, ba su taɓa birus. Wani masani mai suna Alexander Fleming ne ya gano na farkonsu, wato penisilin, a birnin Landan cikin 1928. Amoksisilin danginsa ne.

Yawancin mura da tari marar tsanani aikin birus ne. Yaro zai warke da nono, da ruwa, da abinci, da hutu. Zazzaɓin cizon sauro kuma yana da nasa magani dabam, bayan an gwada jini. Amma ciwon haƙarƙari, wato ciwon huhu, da wani ciwon kunne, da wasu ƙuraje masu mugunya, sau da yawa bakteriya ke kawo su. A nan ne siro yake aiki.

Babbar alamar ciwon huhu ita ce saurin numfashi. Ana ƙidaya numfashin yaro cikin minti 1, yana kwance, ba ya kuka. Jariri ɗan ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye. Wanda ya ga haka, ko ya ga ƙasan ƙirjin yaro yana lotsawa idan ya ja numfashi, ya kai shi gidan likita a ranar. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi ko yaron yana bukatar siro.

Yadda ake haɗa shi

Yawanci maganin yakan zo gari ne cikin kwalba. Sai an zuba ruwa yake zama siro.

1. A wanke hannu da sabulu.
2. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce sarai. Ruwan zafi yana ɓata maganin, ruwan rijiya ko na tabki da ba a tafasa ba yana iya ƙara wa yaro wata cuta.
3. A girgiza kwalba don garin ya saki.
4. A zuba ruwa kaɗan, a rufe, a girgiza. Sa'an nan a ƙara ruwa har ya kai layin da ke jikin kwalba, kada ya wuce.
5. A rubuta ranar da aka haɗa a jikin kwalin.

Wanda ya ƙara ruwa ya wuce layi don maganin ya yi auki, ya rage masa ƙarfi ne. Kunun da aka cika wa ruwa ba ya ƙosar da yaro.

Yadda ake auna shi

Ma'aikacin lafiya yana ɗora yaro a kan sikeli, domin nauyinsa ne ke nuna yawan maganin da zai sha. Ana auna siro da mililita, ana rubuta shi ml. A yi amfani da cokali ko ɗan kofi ko sirinji marar allura da ya zo tare da kwalbar. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, ludayi kuwa ba ma'auni ba ne.

Ku da kuka koyi karatu, ku duba lambar da ke jikin kwalba. Wata an rubuta 125 mg cikin 5 ml, wata 250 mg cikin 5 ml. Ta biyu ta ninka ta farko ƙarfi. Don haka awon da aka faɗa wa maƙwabciya ba lalle ne ya dace da naki yaron ba.

Ga lissafi na misali. Jariri mai nauyin kilo 8, an ce ya sha 5 ml sau 2 a rana har kwana 5. A rana ɗaya zai sha 10 ml. A kwana 5 zai sha 50 ml. Idan kwalbar mai 60 ml ce, ɗan kaɗan ne zai rage a ƙasa. In kwana 5 suka cika aka tarar da rabin kwalba, to, an tsallake sha da yawa.

Kafin kowane sha a girgiza kwalba, domin maganin yakan kwanta. A zaunar da yaro a cinya, kansa a sama. A zuba kaɗan-kaɗan ta gefen kumatu. Kada a toshe masa hanci, kada a yi masa ɗura, domin yana iya shaƙewa. In ya yi amai kafin rabin awa ta wuce, a jira ya natsu a sake ba shi. In an manta, a ba shi da zarar an tuna, amma kada a haɗa awo biyu a lokaci ɗaya.

Lokacin sha

Magani ba ya daɗewa a jiki, yana fita ta fitsari. Shi ya sa ake raba shi cikin yini. Wanda ba shi da agogo yana da lokutan salla. In an ce sau 2, a ba shi da asuba da magariba. In an ce sau 3, a ba shi da asuba, da azahar, da lokacin kwanciya barci. A ja layuka a takarda, ko a bango da gawayi, ɗaya domin kowane sha. Duk lokacin da yaro ya sha, a soke layi ɗaya. Wannan aiki bai fi ƙarfin maigida ba, ko ɗan makaranta da ke gidan.

Don me ake cika kwanaki?

Bayan kwana 2 yaro yakan sami sauƙi, ya fara wasa. A nan ne mutane da yawa suke rufe kwalba, su ajiye don wata rana. Manomi ya san abin da ke faruwa idan ya yi noman fari ya ƙi yin maimai: ciyawar da ta rage ita ce za ta cinye hatsi. Haka bakteriya take. Wadda ta rage tana iya sake yaɗuwa, ciwo ya dawo. A cika kwanakin da ma'aikacin lafiya ya faɗa, kada a rage, kada a ƙara.

Akwai wata babbar illa kuma. Idan ana shan antibiyotik barkatai, bakteriya takan saba da shi har ta daina jin magani. Wannan matsala ta iso jiharmu. Wani bincike da aka buga a 2011, wanda aka yi a wata cibiyar jinyar yara masu tamowa a Maraɗi, ya nuna cewa kusan yaro 1 cikin 3 ya zo da irin wannan bakteriya a hanjinsa. A duniya kuwa, masana sun ƙiyasta cewa ta kashe mutum fiye da miliyan 1 a shekarar 2019 kaɗai. In magani mai araha ya daina aiki, sai mai tsada, sai allura, sai kwanciya asibiti nesa da gida.

Ajiya

Garin magani yana daɗewa, amma da zarar an zuba masa ruwa kwanakinsa ƙidayayyu ne, yawanci kamar kwana 7. Zafi yana lalata shi da sauri. Inda babu firigo, a rufe kwalba sosai, a ajiye ta a inuwa, gindin randa, inda yashi ke da danshi, kuma inda hannun yara ba zai kai ba. Abin da ya rage bayan jinya a zubar, kada a ba ƙane ko ɗan maƙwabta.

Akwai kuma amoksisilin na ƙwaya mai narkewa. Ana narkar da shi a cokali da ruwa mai tsabta ko da nonon uwa a lokacin sha. Ba ya bukatar sanyi, don haka ya dace da makiyaya masu tafiya da dabbobi.

Abin da za a guje wa

Kada a sayi siro ko kafso wurin masu talla a kasuwa, inda rana ke dukan magani. Kada a fasa kafso a zuba wa yaro a kunu, domin wasu, kamar tetrasikilin, suna ɓata haƙoran yara. Maganin dabbobi kuwa na dabbobi ne. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. A fara zuwa can.

Yaushe za a koma likita?

Ɗan zawo kaɗan yakan biyo bayan siro. A ci gaba da ba da nono da ruwan gishiri da sukari na likita. Amma a garzaya ba tare da jinkiri ba idan yaro ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da kome, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. In fuska ko leɓe ya kumbura, ko borin jini ya fito, a dakatar da maganin a tafi nan take, kuma a riƙa faɗa wa kowane likita nan gaba. In kwana 3 suka wuce babu sauƙi, a koma da kwalbar a hannu. Idan abin ya fi ƙarfin ƙaramin gidan likita, za a tura yaron asibitin Dakoro.

Ƴan uwa masu karatu, ku karanta wannan shafi ga waɗanda ba su shiga aji ba tukuna. Malaman yaƙi da jahilci kuma su kawo kwalba da cokalin awo cikin aji, kowane ɗalibi ya nuna layin ruwa, ya karanta lamba, ya yi lissafin kwanaki da kansa. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.