Cakulan Ɗaya, Darasi Huɗu

Iyaye da malaman makarantar Lahadi, in yaro ya dawo daga shago da cakulan, kada ku tsaya ga faɗa kawai. Ku zaunar da shi, akwai karatu a ciki.

Ku fara da tarihi. Da 'ya'yan itacen koko ake yin cakulan, ba kokon da muke sha da ƙosai ba. Asalin itacen daga nahiyar Amurka ne. A 1879 Tetteh Quarshie ya kai irinsa Gana. A kudancin Kamaru ma ana nomansa.

Sai lissafi: gutsure 12, yara 4, nawa kowa zai samu?

Sai kimiyya: ku ajiye gutsure ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, yaron ya ga wanda zai fara narkewa.

Babban darasin shi ne na haƙori. Ƙwayoyin cuta a baki suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsamin da ke huda haƙori. Haƙorin girma in ya faɗi ba ya sake tsirowa. Yaro ya riƙa goge baki da safe da kuma kafin barci. In kun ga baƙin tabo a haƙorinsa, ku kawo shi asibiti tun ciwo bai hana shi barci ba.