Romon Taliya Ba Nama

'Yan'uwa, a watan Agusta hatsi yakan yi ƙasa a rumbu, nama kuma sai kallo a kasuwar Rimin Gado. Duk da haka muna iya dafa romon taliya mai ɗumi.

A soya albasa da tattasai cikin man gyaɗa, a saka daddawar kalwa, a tsaida ruwa. Daddawa ce ke maye gurbin ɗanɗanon nama. A zuba dafaffen wake gwangwani 1, domin taliya cika ciki take yi, wake ne ke gina jikin yaro. Sai taliya 'yar murji, zogale kuma a ƙarshe.

A ƙasar Sin sukan saka laimar kwaɗi a irin wannan romo, amma wadda aka noma. Wadda ke tsirowa a gonakinmu da damina, mu bar ta. Mai guba da marar guba sun yi kama, kuma tafasa ba ta kashe gubar wasunsu. Amai da gudawa kan jinkirta awa 6 ko fiye, alhali gubar tana cin hanta. In yaro ya ci, a kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar a nuna wa likita.