Kafin Ka Zuba Kuɗi A Iyafis Mai Tsada, Tambayi Kunnenka



Ni ɗan Jos ne. Nakan raka shanun Baba daga Karan Bukur zuwa Legas, kusan kwana biyu a tirela, iyafis ne abokin hirata. Kwanaki wani abokina mai situdiyo ya ara mini guda biyu, irin waɗanda mawaƙa ke cusawa a kunne a kan dandamali: Shure SE846 da Sennheiser IE 600.

Shure na da ƙananan lasifika huɗu a kowane ɓangare, murya na fita da kauri, kalangu kuwa har ƙirji. Sennheiser lasifika ɗaya ce mai milimita 7, amma siririn sauti tar yake fita, har numfashin mai karatu kana ji. Shi ƙarami ne, ya kwanta a kunnena luf. Shure ya fi jiki, ya kuma fi danne ƙugin mota, shi abokina ya zaɓa.

Sirrin dai yana bakin robar nan. In bai toshe ramin kunne ba, bugun ganga zai tsere, sai ka dinga ƙure ƙara, kunne ya cutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce desibel 80 na awa 40 a mako. Matafiyi, nemi baki na soso, ya fi toshewa.

Kuɗinsu ba na wasa ba ne. Gwada ƙaramin baki, matsakaici da babba, ka zauna da shi rabin awa tukuna. Baba bai taɓa sayen sa bai duba haƙoransa ba.