Kafin ka ƙwace wayar 'yarka: me ke cikin manga na soyayya da "alloli"?

A gidajen Hausawa da yawa a Libreville, daga Akébé zuwa Nzeng-Ayong, yarinya takan dawo daga makaranta ta duƙufa kan waya ko wani ƙaramin littafi mai zane baƙi da fari, 'yan mata masu manyan idanu, samari masu dogon gashi. Sunan abin manga, wato labaran zane na ƙasar Japan. Ana buɗe shi ne daga dama zuwa hagu kamar littafin Larabci ko ajami. Da Faransanci yake iso mana, domin bayan Japan babu ƙasar da ta kai Faransa sayen manga, mu kuwa a Gabon da Faransanci yaranmu suke karatun boko. Matsalar ita ce iyaye da yawa ba sa bin wannan karatu, sai dai wata rana ido ya faɗa kan kalmar dieu ko déesse a bango, hankali ya tashi.

To, me ke ciki? Akwai wani reshe na manga da ake yi domin 'yan mata, ana ce masa shojo, kuma a cikinsa akwai salon labari da ya daɗe yana ci: yarinya 'yar makaranta ta faɗa wani zamani na da, ta sami kanta tsakanin sarakuna da ababen bauta, ta kamu da son wani. Tun 1976 Chieko Hosokawa ta fara Oke no Monsho, labarin Carol, Ba'amurkiya da aka ja zuwa Masar ta Fir'aunoni, inda mutane suka ɗauke ta 'yar kogin Nilu. A Fushigi Yugi na Yuu Watase, wanda ya fito daga 1992 zuwa 1996 cikin juzu'i 18, Miaka ta buɗe wani tsohon littafi a ɗakin karatu, littafin ya haɗiye ta zuwa wata ƙasa mai kama da Sin ta da. Aka ɗora mata tara mayaƙa bakwai don kiran Suzaku, jan tsuntsu mai tsaron kudu, ita kuwa ƙawarta Yui ta koma abokiyar gaba. Inuyasha na Rumiko Takahashi, daga 1996 zuwa 2008, juzu'i 56, duk da a mujallar samari ya fito, 'yan mata sun rungume shi: Kagome ta faɗa tsohuwar rijiya ta ɓullo a zamanin yaƙin basasar Japan, kimanin shekara 500 baya.

Wanda ya fi nuna inda gizo ke saƙa shi ne Kamisama Hajimemashita na Julietta Suzuki, daga 2008 zuwa 2016, juzu'i 25, wanda masu Faransanci suka sani da Divine Nanami. Uban Nanami ɗan caca ne, bashi ya ci shi ya gudu, aka kore ta daga gida. Ta ceci wani baƙo daga kare, shi kuwa ya bar mata gidansa, ashe wurin bauta ne, ta wayi gari ita ce kami ɗin wurin. Daga baya ta koma ɗaruruwan shekaru baya don ta ceto Tomoe, aljanin yanyawa da take so, daga wata la'ana.

Wannan kalma kami ita ce masu fassara suke mayarwa dieu. Amma a addinin gargajiyar Japan, Shinto, kami ba Mahalicci ɗaya ba ne. Ruhohi ne na dutse, kogi, bishiya, gona da kakanni, har Japanawa kan ce su miliyan takwas ne, ma'ana ba su ƙirguwa. A cikin manga suna jin yunwa, suna kishi, suna kuskure. Bahaushen da ya san labarin iskokin bori da tsafin Maguzawa ba zai ga baƙon abu ba. Wannan bai mayar da su halal a aƙida ba, ai shirka shirka ce ko da wane harshe aka faɗe ta. Sai dai uban da ya san bambancin zai iya zaunar da 'yarsa ya ce mata: wannan al'adar wasu mutane ce, kina karanta ta kamar tatsuniya, Allah kuwa ɗaya ne, ba a zana Shi, ba ya kama da komai. Haka batun komawa baya. Mun san As'habul Kahfi sun yi barci shekara 309 suka farka a wani zamani, da ikon Allah, amma jiya ba ta dawowa, kuma babu mai gyara ƙaddara da ƙona turare.

Idan aka lura kuma, ba allolin ne ke riƙe yarinya ba. Duk waɗannan taurari 'yan mata ne da ba wanda ya ɗauke su a bakin komai, sai ga su a inda maganarsu ke da nauyi. Yarinyar da ke Hausa a gida, Faransanci a aji, Larabci a Islamiyya, kullum tana tsallaka duniya zuwa duniya, ba abin mamaki ba ne ta ga kanta a Kagome.

Mun taɓa shiga irin wannan. Da littattafan soyayya suka cika Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu, an yi ta cewa za su lalata tarbiyya, har aka ƙona wasu a bainar jama'a a 2007. Karatun bai tsaya ba, ya koma waya ne kawai. Kafin su ma, Ruwan Bagaja da Ganɗoki cike suke da aljannu, kuma da su aka koya wa iyayenmu karatu.

Ba a ce a sake wa yara komai ba. Fushigi Yugi yana da wuraren tsiraici da yunƙurin fyaɗe da ba su dace da 'yar shekara 12 ba, Inuyasha kuma akwai zubar da jini. Uwa ko yaya mai jin Faransanci ta karɓi juzu'i ɗaya ta duba, ba zai ci mata awa guda ba. Ta tambayi yarinyar wa take so a labarin, kuma don me. Wanda aka ƙwace wa waya zai ari ta ƙawa ya karanta a ɓoye, wanda aka yi hira da shi kuwa gobe shi zai kawo littafin da kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu ake yi, ba da gatari ba.